Lamba ta Goma Sha Shida

Oulu, tsakiyar Janairu.
Rana ta leƙo da hantsi, ta ji sanyi, ta koma ɗaki.
Teku ya daskare har bakin tasha,
mu kuwa muna hawa na uku muna lissafa masa kauri,
don jirgin fasa ƙanƙara ya san inda zai sa goshi.

Na'ura biyu gare mu, uwa ɗaya uba ɗaya.
Iska ɗaya muka ba su, gishiri ɗaya, umarni ɗaya.
Gari ya waye, ta Veikko ta ce
hanya a buɗe take arewa da tsibiri.
Tawa ta ce a rufe.

Kwana uku muna bin sawu da baya-baya,
kamar masu cigiyar akuya a kan fako.
Can muka iske shi a laɓe:
lamba ta goma sha shida bayan ɗigo,
nan bakwai, can takwas.
Veikko ya yi dariya har kofi ya sarƙe shi.
"Aulikki, wannan ai bai kai gashin gira ba."
Na ce, ɗan hakin da ka raina.
Juya shi sau biliyan, ba shi kwana goma,
ka ga ya tashi tudun ƙanƙara a gaban jirgi.

Mai laifin ba ɓarawo ba ne.
Tafinta ne, mai mai da zancenmu harshen ƙarfe,
mai son a ce da shi gwani.
Na rubuta: haɗa na fari da na biyu, sannan kawo na uku.
Ya ce duk ɗaya ne, ya faro daga wutsiya.
A allon makaranta da gaskiyarsa.
Amma mudun na'ura baki gare shi,
kowane awo sai an share tozo,
abin da ya zube kuwa ya zube.
Jefa tsaba guda a kan buhu, buhu bai san an yi ba.
Tara tsabar tukuna har ta cika tafi,
sai ya amsa.

Bai tsaya nan ba.
Ninkawa da tarawa ya ɗaure su a taki ɗaya,
ya share tozo sau ɗaya inda na ce biyu.
Abin da ya fi ci mini rai,
amsarsa ta ɗara tawa kusa da gaskiya.
To, ni ba gwaninta na zo saye ba.
Amsa nake so wadda za ta dawo gobe
da fuskarta ta jiya.

Ga kuma rumbun da muke aron ma'aunin kusurwa:
daren Talata aka sabunta na Veikko,
ba sallama, ba a kwana lafiya.

Na zauna na yi wa tafinta takunkumi.
Kada ka gajarta. Kada ka haɗa.
Inda na ja numfashi, ja naka.
Ma'aunin aro na mayar wa masu shi,
na sassaƙa namu, mummuna, mai nauyi,
na jera masu tarawa a layi, kowa da gurbinsa,
ba wanda zai tsallake wani don ya riga gamawa.

Lissafi ya ƙara minti goma sha ɗaya.
Veikko ya dubi agogo, ya dube ni.
Na ce sauri ya haifi nawa, je ka dafa wani kofin.

Ƙarfe huɗu, duhu ya riga ya rufe taga,
hatimin nan da na can suka fito,
harafi bisa harafi, ba tawaye.
Duka biyun sun ce a rufe.

Kyaftin Sorvari ta bugo daga teku:
"Kun tabbata?"
Na ce teku ban tabbatar da shi ba.
In ma kuskure ne, yanzu guda ne,
yana da suna, na san ƙofar gidansa.

Ta yi shiru, sai ƙugin inji a bayanta.
Ta ce za ta bi ta kudu.